Makrina: matar da ta mai da gidan gado gidan zuhudu

A shekara ta 379, wani bishop mai suna Giregori ya je duba yayarsa a Annisa, cikin yankin Fontus, arewacin Turkiyya ta yau. Ya same ta tana jinya a ƙasa, kwance a kan katako da aka shimfiɗa wa tsumma, wani katakon kuma ta yi matashin kai da shi. 'Yar masu gonaki da bayi ce fa wannan.

Sunanta Makrina. Tana 'yar shekara 12 aka yi mata baiko, saurayin ya rasu kafin biki. Ta kafe ta ce ba za ta auri kowa ba, don a wurinta yana raye wajen Allah, tafiya kawai ya yi.

Ba ta gudu hamada ba, yadda masu zuhudun Masar suka yi. Cikin gida ta zauna, ta yi ta lallashin mahaifiyarta Emeliya har uwar ta yarda kuyangin gidan su zama 'yan'uwansu. Akushi ɗaya, shimfiɗa iri ɗaya, aikin hannu tare, ga rera Zabura dare da rana. A zamanin da baiwa ba ta wuce dukiyar da ake gada ba, wannan ya fi kwana a kan katako wuya. Da aka yi yunwa a ƙasar, ta riƙa kwaso yaran da aka yasar a bakin hanya tana renonsu.

Ƙanenta Basil kuwa, da ya dawo karatu daga Atina ta ƙasar Girka yana hura hanci, ita ta sauko da shi ƙasa. Shi ne daga baya ya rubuta ƙa'idojin da gidajen zuhudun Kiristocin Gabas ke dogara da su har yau. Sunansa ya cika duniya, nata kuwa da Giregori bai rubuta tarihinta ba, da ya ɓace. Giregori kan kira ta Malama.

Da ta cika, Giregori ya nemi a kawo tufafi masu kyau a suturta ta. Aka ce masa babu komai a ajiye: mayafinta ke nan, ga lulluɓin kai, ga tsofaffin takalma. A wuyanta sai gicciyen ƙarfe da zoben ƙarfe, rataye da zare. Shi ya ɗauki zoben.