Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinar Ilimi, Daga Shugabar Makaranta, Ranar Ziyarar Sashen Tattalin Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishinar Ilimi, ranki ya daɗe. Mai girma Hakimi, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, daraktan ilimi na shiyya, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo, 'yan'uwana malamai, da ku 'ya'yana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Tun ranar da takardar ziyararki ta iso yaran nan ba su zauna ba. Ƙamshin da ya tare ki daga bakin ƙofa aikin hannunsu ne, babu abin da muka sayo daga waje. Zoɓon da ke gabanki 'yan aji biyu ne suka dafa shi da citta da kanumfari, kyallen teburin kuma 'yan aji uku suka rina, suka yi masa kalmasa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to mu yau duka biyun muka shimfiɗa miki.

A takardar an ce kina son sanin yadda ɗalibanmu suke fitowa a darussan tattalin gida. Na ji daɗin wannan tambaya har cikin raina, domin yawanci idan sakamako ya fito, Turanci da Lissafi ake fara tambayarmu, kuma da dalili, tunda a yawancin kwasa-kwasai kiredit biyar ɗin da ake nema don shiga manyan makarantu ba sa cika sai da su. Amma da wuya a ce mana, yaya abinci da gina jiki, yaya kula da gida, yaya ɗinki da tufafi? Alhali hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa tun 1952, da NECO da ta biyo baya a 1999, dukkansu da ma'auni ɗaya suke auna waɗannan darussa da sauran, daga A1 mafi girma har zuwa F9 na faɗuwa.

Sakamakon shekarun baya yana cikin fayil ɗin da ke gabanki, aji-aji, ba sai na karanto ba. Abin da nake so ki lura da shi idan kin buɗe shi ne, yaranmu sun fi taruwa a C5 da C6, wasu su zame zuwa D7, waɗanda ke kaiwa A1 ko B2 kuwa ba su da yawa. Na daɗe ina tambayar kaina, yaya yarinyar da ta fara tuƙa tuwo tun kafin ta kai tsawon muciya za ta tsaya a nan? Sai da na zauna a ɗakin gwaji na kalli jarrabawar da idona sannan na gane.

Jarrabawar abinci kashi uku ce: tambayoyin zaɓi, da na dogon rubutu, da girki a gaban mai jarrabawa da ake turowa daga waje. Kafin ranar girkin akwai zaman tsari. A ba yarinya tambaya, misali ta shirya abincin rana ga mai jego, ko ga yaron da ake shirin yayewa, ko ga mai ciwon sukari. Ita za ta zaɓi abin da za ta dafa, ta rubuta dalilinta, ta lissafa cefanen da nauyinsa, ta raba lokacinta daga hura wuta har zuwa wanke-wanke. A nan maki yake fara zubewa. 'Yarmu da gwangwani da mudu da tafin hannu ta san awo, takarda kuwa giram da lita take nema. Ta sani sarai kunun gero da waken soya da gyaɗa yana tayar da yaron da tamowa ta kama, ta ga an yi wa ƙaninta, amma a ce ta rubuta da Turanci wane sinadari ne a cikin waken yake gina jiki, sai alƙalami ya tsaya.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa da ita. Ranar girkinta mun aro tukunyar gas daga gidan wata malama. Yarinyar nan a murhun itace ta tashi, a makaranta kuma risho da gawayi muka koya mata. Ta tsaya da ashana a hannu, hannun yana rawa, ta ƙyasta ta mutu, ta sake ƙyastawa ta mutu, mai jarrabawa yana duban agogo yana rubutu. Da wutar ta kama, sai ga miyar taushe da tuwon shinkafa waɗanda ko a gidan biki aka kai su ba za a ji kunya ba. Amma lokaci ya riga ya tafi, ba ta gama share wurinta ba aka ce a ɗaga hannu. Na same ta bayan ɗaki tana kuka. Laifin ba nata ba ne, ranki ya daɗe. Mu ne muka fafe gora ranar tafiya.

Haka abin yake a ɗinki. Kekunan da ke aiki ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, sai a yi layi, wata ɗalibar har zango ya ƙare ba ta taka feda sau uku ba. Malamarsu takan yanka takardar buhun siminti su koyi fitar da wuya da hannun riga a kai, saboda yadi ya yi tsada. Allah ya saka mata da alheri, sau nawa na gan ta ta zo da zare da allura daga jakarta. Kuɗin cefanen gwaji kuma a kan iyaye yake faɗawa, kuma na san gidajen da idan an ba yarinya kuɗin nama da mai don jarrabawa, ranar an rage na tukunyar gida.

Sai kuma wata magana da ta fi rashin kayan aiki yi mini ciwo, wadda nakan ji daga bakin wasu iyaye: ai girki a gida ake koyo, me ya kai shi makaranta? Iyayena, ku yi haƙuri in faɗa a gaban baƙuwarmu. Wannan fanni ana rubuta shi a jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, ana yin digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana koyar da shi a kwalejojin ilimi, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau wadda mata zalla take ɗauka. Daga tsofaffin ɗalibanmu akwai mai shagon ɗinki da yara a ƙarƙashinta, akwai mai dafa abincin taro, akwai wadda ta dawo nan tana koyarwa. Wadda aure ya ɗauke ta bayan aji shida ma, ita ce za ta san haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama jaririnta da tsakar dare.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Mun sa kowace ɗaliba ta riƙa rubuta tsarin girki duk mako tun daga aji huɗu, malaman Turanci suna duba rubutun, kuma iyaye sun tara kuɗi sun saya mana sikeli. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Roƙonmu gare ki shi ne a taimaka mana da murhun gas da tanda, da ƙarin kekunan ɗinki, yara su saba da su tun kafin jarrabawa ta ƙarato. A ƙara mana malama ko da ɗaya ce wadda ta karanci fannin, domin wadda muke da ita tana ɗauke da ƙananan azuzuwa da manya ita kaɗai. In da hali kuma, a ware wani abu na cefanen gwaji, a sauke wa iyaye wannan nauyi.

Ranki ya daɗe, gani ya kori ji. Ɗakin yana nan bayan waccan bishiyar darbejiya, ba mu ɓoye komai ba, har kekunan da suka lalace mun bar su inda suke. Ɗalibai suna jiran ki da abin da suka dafa, kuma sun roƙe ni in ce ki yi musu tambayoyi da kanki. Allah ya saka da alheri, ya taya ki riƙon amanar da aka ɗora miki, ya mai da ke da tawagarki gida lafiya. Bismillah, mu ƙarasa ciki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.