Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina A Filin Horar Da Yara Ƙwallon Raga, Tudun Wada, Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, wakilin mai unguwa, shugabannin makarantu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana masu horarwa, da ku yarana da kuka yi sahu cikin rana tun ɗazu. A madadin kowa ina cewa lale marhabin, sannu da hanya. Ranka ya daɗe, mun san aiki ya yi maka yawa a Kaduna, amma ka taso ka zo wannan fili mai ƙura. Allah Ya saka da alheri.

Kafin a fara wasa, ina so in faɗa maka yadda muke koyar da yaran nan, don abin da za ka gani ya bambanta da na manya.

Da farko za ka lura ragarmu ta yi ƙasa. A doka, tsayin ragar maza mita 2.43 ne, ta mata 2.24, filin kuma mita 18 ne a tsaye, 9 a kwance, mutum shida kowane ɓangare. Mu kuwa mun sauke raga zuwa wajen mita biyu ga 'yan shekara goma zuwa sha biyu, mun raba filin gida-gida, suna bugawa uku da uku. Da gangan muka yi. Idan ka jefa yaro cikin mutum goma sha biyu, sai ya yi minti goma yana tsaye ƙwallo bai zo inda yake ba. A uku da uku babu wurin ɓuya, dole hannunsa ya taɓa. Shi kansa William Morgan da ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1895, ragarsa ba ta cika mita biyu ba, domin ya yi shi ne saboda mutanen da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani.

Kowane yaro burinsa ya yi tsalle ya doka ƙwallo ƙasa a tafa masa. Ba mu hana ba. Amma mukan daɗe a kan karɓar farko, wato ya durƙusa, ya haɗa hannaye, ya tura wa ɗan'uwansa ƙwallon daidai inda zai ji daɗin ɗagawa. Wannan wasa ba a riƙe ƙwallo a cikinsa, mutum ba ya buga shi sau biyu a jere, taɓawa uku kacal ɓangare yake da ita. Duk gwanintar yaro, sai ya jira wani ya gyara masa. Na ga yaran da a aji ba sa ga maciji da juna, suka zo nan ɗaya yana kiran sunan ɗaya don ya karɓa. Shi ya sa ba mu ware dogo mu ce aikinka dukan ƙwallo kawai, gajere kuma ya koma baya. Kowa zai koyi sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, da karɓa, da ɗagawa, da tarewa a raga. Wa ya san tsayin da ɗan shekara sha ɗaya zai kai?

Sai maganar kuskure, wadda ta fi ci mini rai. Lokacin da na fara wannan aiki, tsawa nake yi. Akwai yaron da na daka wa tsawa gaban abokansa don sabis ɗinsa ya faɗa raga sau uku. Bai sake dawowa ba, kuma har yau ina tuna fuskarsa. Tun daga nan muka yi doka tsakaninmu: gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a hankali, kusa da kunnen yaro. Wanda yake tsoron kuskure zai riƙa kauce wa ƙwallo ne, daga nan kuwa koyo ya tsaya.

Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu, har da mata, waɗanda suke wasa da hijabinsu da dogon wando ƙarƙashin kulawar malama. Muna tashi kafin magariba, ba mu shiga lokacin Islamiyya, kuma wanda karatunsa ya ja baya sai ya huta ya gyara.

Ranka ya daɗe, ga kukanmu. Ƙwallayenmu ba su kai yawan yaran ba, alhali tsarin namu yana son yara biyu su sami ƙwallo ɗaya. Filin tsakuwa ne, yaro yana jin tsoron faɗuwa ya ceto ƙwallo don gwiwa na salewa, da damina kuma ruwa ke kwanciya. Muna roƙon a daidaita mana shi. Muna kuma roƙon a haɗa mu da malaman wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru, su ƙara wa masu horarwarmu sani.

Yanzu muna gayyatarka ka sauko fili ka buga sabis na farko. 'Yan matan can da ke gefen dama su za su karɓa.

Allah Ya mai da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.