Daga Dandaji zuwa Ƙofar Soro: Hira kan Gini, Hoto da Zane

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da warhaka. Daga birnin Katsina muke zuwa muku. Ni ce Hadiza, ina tare da Malam Kabir da ƙanenmu Bishir. Yau hirar tamu a kan abubuwan da masu fasahar wannan zamani ke fitowa da su ne, a gini da hoto da zane. Malam, kai ne babba, bismillah.

Malam Kabir: Madalla. Barkanku da yamma. Ni ba zan kai ku nesa ba, nan maƙwabta za mu tsallaka, Jamhuriyar Nijar. Akwai wani gari a jihar Tawa, ana ce masa Dandaji, garin Hausawa ne. Tsohon masallacinsu na ginin ƙasa ya tsufa, jama'a kuma sun yi masa yawa. Sai wata mai tsara gine-gine 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka ce kada a rushe. Aka gyara tsohon aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa wanda ke ɗaukar mutum kamar 1,000. An kammala a 2018, suka sa wa wurin suna Hikma.

Bishir: Sabon ma da ƙasa aka gina, Malam?

Malam Kabir: Da ƙasa, Bishir. Sai dai ba irin tubalinmu da ake murzawa da hannu a shanya ba. Jar ƙasar yankin ake haƙowa, a zuba a inji ya matse ta sosai, ta fito bulo mai kusurwa huɗu, ba a ƙona shi. Kuma magina na gargajiya aka sa a aikin, ba a mai da su 'yan kallo ba. Wannan shi ya fi burge ni.

Hadiza: Amma Malam, ka san abin da mutanenmu za su ce. Duk wanda Allah ya hore wa, abu na farko shi ne ya rushe ginin ƙasa ya sa bulon siminti da kwano.

Malam Kabir: Suna da hujjarsu, Hadiza, ba zan raina ta ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin damina, in aka yi sakaci soro ya jiƙa ya rufto. Amma ki shiga ɗakin kwano a watan Afrilu da azahar, sannan ki shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda gidan tarihi yake yanzu, ki ji bambanci. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi take sako shi. Iyayenmu sun san wannan. Sun san azara ta giginya ba ta jin tsoron gara. Sun san makubar ɗorawa in aka shafe bango da ita ruwa ba ya cin sa da wuri. Ilimi ne cikakke. A 1986 an ba masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa, kyautar Aga Khan ta gine-gine, kuma maginin gargajiya ne ya gina shi, Falke Barmu. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin gini, shi ne ɗan Afirka na farko, kuma da makarantar firamare da ya gina da ƙasa a ƙauyensu Gando ya yi suna.

Bishir: To ni a nan nake da magana. Aikina tsara tambari da kati da allon talla a kwamfuta. Kusan duk wanda ya zo, in yana son abin ya nuna na Arewa ne, cewa yake a sa masa dagi. Shagon shinkafa dagi, makaranta dagi, katin biki dagi. Ina sawa, don shi ke biya, amma raina yana gaya mini muna da abin da ya fi haka yawa.

Malam Kabir: Ƙwarai kuwa. Dagi yana da kyau, amma ɗaya ne cikin ɗari. Ka taɓa zama ka kalli aska takwas a ƙirjin babbar riga, kallo na tsanaki?

Bishir: Na kalla, har na gwada kwafa. A nan na gane aikin ba ƙarami ba ne. Ba a raba shi daidai hagu da dama. Nauyin aikin yana wajen aljihu, sai ya haura kafaɗa ya zagaya baya. Duk da haka in mutum ya sa rigar ya naɗe hannuwanta, sai ka ga komai ya zauna daram. Wanda ya fara tsara wannan ya yi lissafin yadda riga ke zama a jikin mutum yana tafiya.

Malam Kabir: Ka ga abin da nake nufi. Kuma a da mai zane daban, mai ɗinki daban. Wani ne zai zauna da alƙalami ya fitar da zanen a jikin yadi, sannan a miƙa wa mai allura. Wannan mai zanen, ai shi ne kakanka a sana'a. Haka mai zayyanar allo idan yaro ya sauke Alƙur'ani, haka mai saƙa faifai, haka baduku da ke yin kayan doki. In kana son sabon abu, koyi yadda suke raba fili da yadda suke haɗa launi. Ɗauko hoton abin ka manna kawai, wannan kowa zai iya.

Hadiza: Bari in shigo da nawa ɓangaren, don abin da kuke faɗa ya tuna mini da wani mai hoto, marigayi J.D. Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya, ya ci gaba shekara da shekaru har ya tara kusan 1,000. Baƙi da fari ne, yawanci daga ƙeya yake ɗauka, ba ruwansa da fuska, kitson yake so a gani. Kuma yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya ɗauka. A 2013 aka baje su a babban bikin fasaha na Venice a Italiya, shekara guda kafin rasuwarsa. Abin da kowace mace ke gani kullum a tsakar gida, shi ya ɗauka da muhimmanci, kuma da yawa daga kitson nan yau sai a hotunansa.

Bishir: Wato haƙuri ne jarinsa.

Hadiza: Haƙuri da tsayawa kan abu guda. Mu a nan da an ce hoto sai hawan sallah. Ranar hawa ka je Ƙofar Soro, masu kyamara sun fi a ƙirga, kowa na bin doki guda. Ina son hawa, ni ma ina zuwa. Amma wa ke komawa bayan sallah ya ɗauki mai ɗinka lifidi? Wa ke bin lungunan cikin gari yana ɗaukar zankwaye da adon ƙofar zaure kafin a rushe? Duk damina sai wani tsohon gida ya tafi, kuma ba mai hotonsa.

Malam Kabir: Wannan yana ci mini rai matuƙa. Hasumiyar Gobarau kowa ya ɗauke ta, amma gidajen talakawa da ke kewaye da ita, waɗanda magina suka zuba gwaninta a fuskarsu, su ne ke ɓacewa.

Hadiza: Kuma ba sai da babbar kyamara ba, waya ta isa. Lokaci ne abin lura. Adon bango mai tudu da kwari ba ya fitowa da tsakar rana, haske na dukan sa daga sama sai ya baje. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, rana na zuwa daga gefe, inuwa ta shiga kowane layi. Sannan a nemi izini. Gidan mutane ne, akwai iyali a ciki, a yi sallama a gaya wa mai gida abin da ake so.

Bishir: Yaya Hadiza, akwai wadda ta yi irin wannan a Arewa kuwa?

Hadiza: Akwai Fati Abubakar a Maiduguri. A 2015 ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno. A lokacin duk hoton da ke fita daga Borno na bom ne da gudun hijira. Ita kuma ta shiga kasuwa da makaranta da gidan biki tana ɗaukar mutane suna rayuwarsu, tana rubuta abin da suka gaya mata. Mu ma yau in aka ambaci Katsina a labarai, ka san abin da ake fara kawowa. Matsalar tsaro gaskiya ce, ba mai ɓoye ta, amma ba ita kaɗai ce Katsina ba.

Bishir: To in an ɗauka, a ina za a nuna? Manyan bukukuwan duk suna Legas. LagosPhoto tun 2010, Art X tun 2016. Yaron Daura ko Dutsin-Ma da kuɗin mota kaɗai zai sare.

Malam Kabir: Dubi Ibrahim Mahama na Gana. Ɗan Tamale ne, arewacin ƙasar, nesa da Accra. Da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya yi suna, ana ɗinke su a lulluɓe manyan gine-gine da su. Da ya samu kuɗi bai tare a Turai ba, ya koma Tamale ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, har tsofaffin jiragen sama ya sayo ya mai da su ajin yara. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma zaure guda ya isa a fara. A wanke hoto ashirin, a rataya, a gayyaci mutanen unguwar da aka ɗauka su zo su ga gidajensu. Kuma a rubuta sunan magini a ƙarƙashin kowane hoto in an san shi. Muna tuna Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya don an riƙe sunansa, sauran dubbai kuwa aikinsu na tsaye, sunansu ya ɓata.

Bishir: Ni na ɗauki nauyin tsara takardun bayanin da za a liƙa.

Hadiza: Alhamdu lillahi. To masu saurare, duk mai tsohon gida mai ado a unguwarsu, a Katsina ko Daura ko ƙauyukan kewaye, ya nemi izinin masu gidan, ya ɗauka da hantsi ko da yamma, ya aiko mana tare da sunan unguwa da na maginin in dattawa sun tuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da magini ya yi mana bayanin yadda ake ɗaura bakan gizo, wato bakan da ke ɗauke da rufi, a soro. Malam, Bishir, na gode. Sai mun sake haɗuwa.