Ɓuntun Shinkafa Na Ƙonewa A Juji, Hanyoyinmu Na Narkewa A Fadama

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ke bin hanyoyin karkara da ke ratsa fadamun Argungu da Augie da Suru da Bagudo a jihar Kebbi ya san yadda damina ke yi musu. A zuba jar ƙasa da rani, a daddanne, ruwa biyu uku ya sauka, hanya ta dame, motar shinkafa ta kafe har gindi. A gefe guda kuma, a bayan kusan kowane injin casa akwai tulin ɓuntu yana ci da wuta dare da rana, hayaƙi na shiga gidajen mutane. Abin da ke ba mu haushi shi ne, tokar wannan ɓuntun kayan gyaran hanya ce. Injiniyoyi sun daɗe da sanin haka, amma har yau ba mu ga an ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Matsalar hanyar fadama ba a sama take ba, tana ƙarƙashi. Ƙasar wurin laka ce. In ta sha ruwa sai ta kumbura ta yi laushi, in ta bushe ta tsuke ta tsattsage. Duk abin da aka shimfiɗa a kanta, burji ne ko kwalta, dole ya bi motsinta. Ƙa'idar aikin hanyoyi da gadoji ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta 1997 ta yanka ma'auni: a gwajin ƙarfin ƙasa da ake kira CBR, shimfiɗar tsakiya sai ta kai kashi 30 cikin ɗari bayan an jiƙa ta, ta sama kuma kashi 80. Lakar fadama, in an jiƙa ta, sau da yawa ko 5 ba ta kaiwa. Shi ya sa ɗan kwangila ke kwashe ta, ya yi ta jigilar burji da tifa daga nesa, ya bar wa ƙauye kududdufi. Ko kuma a ce sai siminti, kowa kuwa ya san abin da buhun siminti ya zama.

To ina tokar ɓuntu ta shigo? Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera ɓuntu ne. In an ƙona ɓuntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa ke zama toka, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na tokar nan silika ne, sinadarin da ke cikin rairayi. Ita kaɗai ba ta ɗaure komai. A ji wannan da kyau, domin nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna. Sai an haɗa ta da ƙonanniyar farar ƙasa da ruwa, sannan silikar ta kama kalshiyam ɗin da ke cikin farar ƙasar, su haifar da irin ƙullin da ke sa siminti ya sandare. Farar ƙasar ma tana da nata aikin tun a awannin farko: tana kashe danƙon laka, ta mai da ita gari-gari yadda gireda za ta iya juya ta. Kuma abin mamaki, wani ɓangare na farar ƙasar ma a shara za a same shi. Farin dagwalon nan da masu walda da gas ke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki, galibinsa farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya. Akwai kuma ƙurar da ke fita daga tanderun masana'antar siminti, ga masana'anta nan a Kalambaina, Sakkwato, maƙwabtanmu. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun shafe shekaru suna gwada irin waɗannan kayan a kan baƙar laka da jar ƙasa. Sakamakon yana nan a rubuce, ƙura na cin sa.

Mu yi lissafi. Hanya mai tsawon kilomita ɗaya, faɗin mita 6, a gyara zurfin santimita 15, ƙasarta za ta kai tan 1,600. In gwaji ya nuna ana buƙatar toka kashi 8 da farar ƙasa kashi 4, to tan 130 ke nan na toka, tan 65 na farar ƙasa. Tokar nan za ta fito daga ɓuntun da ake samu a tan 3,250 na shinkafa shanshera. Masana'antar casar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 an gina ta ne don sarrafa tan 120,000 a shekara. Ɓuntun wannan adadi kaɗai, in ya zama toka, ya isa gyaran ƙasar hanya fiye da kilomita 30. Ba a lissafa Labana ta Birnin Kebbi ba, ba a lissafa ƙananan injinan Jega da Kamba da Yawuri ba. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a watan Nuwamban 2015, jihar da ke alfahari da shinkafa, ita ce ke ƙona kayan hanya a juji!

Sai wani ya ce ai shara shara ce, ba abin da ya kai siminti. Babu wanda ya ce a daina siminti. Gada da kwalbati nasa ne. Amma siminti a baƙar laka mai danƙo ba ya ma gaurayuwa da kyau, kuma yana ƙarewa da tsagewa, shi ya sa tun asali farar ƙasa ake fara ba irin wannan laka. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa ya ga gireda na kokawa da curin laka ba.

Sai dai fa ba kowace toka ba ce. Nan ne aikin yake. Ɓuntu na son wuta mai daidaito, digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyos, da iska wadatacciya. In wuta ta haura 800 ta daɗe, silikar sai ta sandare ta koma kamar rairayi, ba ta ƙara kama komai, ƙurarta kuma na lalata huhu. In wuta ta gaza, toka ta fito baƙa ƙirin, cike da gawayi, ta yi ta zuƙe ruwa tana raunana haɗin. Toka mai kyau fara ce ko ruwan toka mai haske. Ɗebi ka murza a yatsa: in ta bar maka baƙi kamar ka taɓa gindin tukunya, ba ta yi ba. Wadda ake kwasa daga tulin da ke cin wuta a fili gauraye take, sama fara, ciki baƙa, ga yashi ga leda. Dole a tankaɗe ta, a niƙa ta yi laushi, a ajiye ta inda ruwa ba ya taɓa ta.

Haka nan ƙasar. Kafin a zuba ko cokali ɗaya, a kai samfurinta ɗakin gwaji: danƙonta, yawan ruwan da take buƙata ta dannu, da ƙarfinta bayan jiƙo. A auna farar ƙasar da za ta kai haɗin 12.4 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kishiyarsa, domin ƙasa da haka silika ba ta narkewa yadda ake so. A duba gishirin salfet, domin in yana da yawa, farar ƙasa na haɗuwa da shi hanya ta kumbura daga ciki bayan watanni. Baƙar ƙasar sama mai ruɓaɓɓen ciyayi kuwa a kankare ta a yar, tana hana haɗin kamawa.

A wurin aiki, a farfasa ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20. A jera buhunan farar ƙasa bisa awo, a baza, a juya, a yayyafa ruwa, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta nuna. Sannan a zuba toka a sake juyawa har launi ya zama ɗaya, babu curi. Ruwa ya kai daidai: in ka dunƙula a hannu ta tsaya ba ta jiƙa tafinka ba. Rola ta danne har kashi 95 cikin ɗari na iyakar danniyar da aka samu a ɗakin gwaji, a auna, ba a kalla da ido ba. Daga nan kwana bakwai ana yayyafa ruwa, ba babbar mota. Wannan kwana bakwai ɗin su ake sacewa. A zafin Maris da Afrilu na Kebbi, in aka bar shimfiɗar nan ta bushe a rana ta biyu, an gama asara, gari kawai aka shimfiɗa. Kuma kada a ce tunda toka arha ce a labta ta da yawa. In ta wuce kima, haɗin ya yi sakwaf, ƙarfi ya koma baya. Leburori su samu takunkumi da safar hannu da tabarau, farar ƙasa na ƙona fata da ido. Magudanar ruwa kuma ba ta da madadi. Ambaliya irin ta 2020 ba toka ce za ta tare ta ba.

Gargaɗi ɗaya, da babbar murya. Kada wani ya ji an ce sharar masana'anta ya nufi turɓayar wuraren haƙar zinariya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Duk sharar da za ta shiga hanya, a fara gwada abin da take zubarwa in ruwa ya ratsa ta, domin hanyar fadama a kan gona da rijiya take bi.

To me ya hana? Ɗan kwangila ba zai taɓa yin abin da ba ya cikin takardar aikinsa ba, musamman tunda a jigilar tifa yake cin riba. Saboda haka maganar tana hannun masu rubuta kwangila. A zaɓi hanyar fadama ɗaya, a ware mita 500, rabi a yi yadda aka saba, rabi da toka da farar ƙasa. A ba injiniyoyin jami'ar Aliero da na Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi aikin aunawa kafin damina da bayanta, shekara biyu a jere. A rubuta kuɗin da kowane rabi ya ci, a fito da sakamakon fili kowa ya gani. In toka ta gaza, mun ji, mun yi shiru. In ta tsaya, a sa ta cikin ƙa'idar kwangilolin jiha, a fayyace irin tokar da za a karɓa, a sa mata farashi a kan tan, masu injin casa su san akwai mai saye.