Ina Turawan Ingila Suka Kai Harafin "R"?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce ke magana, tare da Malam Kabiru da ƙanenmu Nura. Tun da muka taɓo maganar jarrabawar Turanci ta masu neman fita karatu waje saƙonninku ba su tsaya ba, kuma yawancinsu tambaya ɗaya suke juyawa, wato me ya sa Turancin Amurka da na Ingila suka sha bamban a baki alhali a takarda kusan ɗaya ne. Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce an gyara wa ɗanta a makaranta saboda ya furta "r" ɗin ƙarshen kalmar "car" yadda yake ji a finafinan Amurka, malamarsa ta ce ba haka Turawa suke faɗa ba. Malam, wa ke da gaskiya?

Malam Kabiru: Malama Hadiza, idan Turawan Landan malamar take nufi to ta yi daidai, domin su "kaa" suke cewa. Sai dai abin da zai ba mutane mamaki shi ne yaron ne yake riƙe da tsohon furuci. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa matsuguni a Jamestown a 1607, wasu kuma suka sauka a Plymouth a 1620, kusan duk mai jin Turanci yana furta "r" a duk inda aka rubuta shi, kuma da wannan bakin suka tsallaka teku. Daga baya ne, musamman a ƙarshen ƙarni na 18, haɗiye "r" bayan wasali ya zama ruwan dare a Landan har ya shiga bakin masu hali da masu ilimi. John Walker, wanda ya wallafa ƙamus na furuci a 1791, ya rubuta cewa a Landan wani lokacin "r" yakan nutse gaba ɗaya. Ke nan Amurkawa ba su ƙara komai ba, mutanen kudancin Ingila ne suka rage.

Nura: Malam, to Ostireliya fa? Su ma ai tsallaka teku suka yi, amma na ji ba sa furta shi.

Malam Kabiru: Madalla da wannan tambaya, Nura, domin ita ce shaidar maganar. Jiragen farko na Ingila sun isa Sydney ne a 1788, kusan shekara 180 bayan Jamestown, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kai daga Landan da kewayenta suka fito, a daidai lokacin da "r" yake faɗuwa. Haka Afirka ta Kudu, haka mu nan Najeriya, duk Turancin ya iso mana ne bayan ya riga ya zubar da shi, shi ya sa muke cewa "tica" da "dokta". A cikin Amurkar ma ba a taru aka zama ɗaya ba, domin biranen bakin teku irin su Boston da Niyok da Charleston, waɗanda attajiransu suke cinikayya da Landan suna tura 'ya'yansu karatu can, sun kwaikwayi sabon yayin. Duk wanda ya saurari jawaban Shugaba Kennedy, wanda ɗan yankin Boston ne, zai ji yadda "r" yake ɓacewa a bakinsa.

Hadiza: Ke nan a da haɗiye shi ne ƙwarewa a Amurka ma.

Malam Kabiru: Ƙwarai kuwa, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya juye, furta shi ya zama alamar ilimi. Akwai wani bincike da nake matuƙar ƙauna a kan wannan, wanda masanin harshe William Labov ya yi a Niyok a 1962. Ya zaɓi manyan kantuna uku, Saks na masu kuɗi, Macy's na masu matsakaicin hali, da S. Klein na masu neman araha. Sai ya riƙa zuwa wurin ma'aikaci yana tambayar inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san a hawa na huɗu yake, domin a ba shi amsa da "fourth floor", kalmomi biyu da kowace take ɗauke da "r". Idan aka faɗa sai ya karkata kunne kamar bai ji ba, ma'aikacin ya maimaita a nitse, shi kuma ya koma gefe ya rubuta a ɗan littafinsa. Mutum 264 ya yi wa haka. Ma'aikatan Saks ne suka fi furta "r", na Klein suka fi haɗiye shi, na Macy's kuwa sai an sa sun maimaita ne "r" ɗin yake ƙaruwa sosai, wato sun san wanda ake girmamawa ko da ba shi ne a bakinsu kullum ba. Ki duba fa, a lokaci guda, sautin da yake ɗaukaka mutum a Niyok shi ne yake sa a kira shi baƙauye a Landan.

Nura: Baƙauye kuma, Malam? A Ingila akwai masu furta shi ne?

Malam Kabiru: Akwai su har gobe. Mutanen kudu maso yamma, wajajen Bristol da Devon da Cornwall, suna furta shi, kuma an daɗe ana yi musu kallon manoma saboda shi. Sikotlan da Ailan kuwa ba su taɓa sakinsa ba.

Nura: To nan ne inda 'yan gidan kallon ƙwallo suke jira. Wallahi Yaya Hadiza, ana gama wasa aka sa Jamie Carragher yana sharhi, sai ki ga masu digiri a cikinmu sun yi tsit suna kallon juna, kowa yana jiran wani ya fassara.

Hadiza: Maigidana ma haka yake faɗa game da Alex Ferguson, wai sai ya karanta a jarida washegari yake sanin abin da ya ce.

Malam Kabiru: Ferguson ɗan Govan ne, wata unguwar masu ƙera jiragen ruwa a Glasgow, kuma bai taɓa sauya bakinsa ba duk tsawon shekarun da ya yi a Manchester. Carragher da Steven Gerrard kuwa karin Liverpool suke yi, wanda ya yi hannun riga da na garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, kuma babban dalili shi ne ɗimbin mutanen Ailan da suka kwararo birnin, musamman lokacin yunwar da ta fara a 1845, ga kuma mutanen Wales. Ka saurari yadda suke furta "k" a ƙarshen kalma kamar "back", Nura, za ka ji yana fitowa daga maƙogwaro kamar harafin Larabcin nan na farkon sunan Khadija ko Khalid. Wanda ya yi makarantar allo ya fi ɗan Landan saurin kama wannan sautin. Sannan arewacin Ingila gaba ɗaya suna kiran motar bas "bus" da wasalin "u" sak, yayin da ɗan kudu yake cewa wani abu mai kama da "bas".

Nura: Ai ni abin da ya fi ɗaure mini kai sunayen ƙungiyoyin ne. Da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016, an yi wata guda ana gardama a majalisarmu, wasu na cewa "Laisesta", wasu "Lesesta", sai da aka ji mai sharhi ya ce "Lesta" sannan aka huta.

Hadiza: Ba a huta ba, Nura, domin har Ndidi da Iheanacho suka je a 2017 ina jin masu cewa "Lesesta".

Nura: To Tottenham fa? Mu "Totinham" muke cewa, su kuma "Totnam".

Hadiza: Fulham kuma "Fulam".

Nura: Amma West Ham ana jin "h" ɗin. Me ya bambanta su?

Malam Kabiru: A West Ham kalmar a ware take, kuma nauyin murya a kanta yake sauka, a Fulham da Tottenham kuwa ta manne a wutsiya ta yi rauni har "h" ya faɗi. Kuma tsofaffin magoya bayan ƙungiyar na gabashin Landan ko a nan ɗin ma sukan zubar da shi su ce "Wes Am".

Nura: Norwich kuma an cinye "w".

Hadiza: Birmingham fa, Malam?

Malam Kabiru: Ta Ingila "Bamingam", amma akwai wata a jihar Alabama ta Amurka, can kuwa "r" da "ham" duk suna nan daram. Dalilin duk wannan shi ne rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, daga nan rubutun kalmomi ya fara daskarewa, alhali wasulan Turanci suna tsakiyar wani babban sauyi. Kalmar "knight" a da ana furta "k" ɗinta, ana furta "gh" ɗinta a maƙogwaro. Wutsiyar Leicester da Gloucester da Worcester kuwa daga kalmar Latin ta sansanin soja ta samo asali, tun zamanin da Rumawa suka mulki ƙasar, sai baki ya yi ta gutsurarta har ta koma "sta".

Hadiza: Akwai saƙon wani ɗan'uwa daga Maraɗi, Malam, yana tambaya a kan kalmar "water", wai ya ji ta iri uku.

Malam Kabiru: Ya ji daidai. Mai karanta labarai a Landan zai ce "wota". Ba'amurke yana sassauta "t" tsakanin wasula biyu, harshe ya ɗan taɓa dasashi sau ɗaya ya wuce, sai kunnen Bahaushe ya ji kamar "wara". Matashin Landan ko na Glasgow kuwa "wo'a" zai ce, ya datse numfashi a maƙoshi, kuma wannan ba komai ba ne illa alhamzar da muke yi kullum a "sa'a" da "jama'a". An daɗe ana ƙyamar ta a makarantun Ingila, yanzu kuwa ana jin ta a bakin 'yan siyasa da masu gabatar da shirye-shirye.

Nura: To wanda muke kira Turancin Sarauniya fa, wa yake yin sa?

Malam Kabiru: Kaɗan ne ƙwarai daga cikin mutanen Birtaniya. Karin makarantun kwana ne na 'ya'yan manya, wanda Daniel Jones ya tsara a ƙamus ɗinsa na 1917, sannan BBC, da aka kafa a 1922, ta ɗauke shi ta yaɗa wa duniya. Ƙarfinsa ya kai har a 1941, da aka sa Wilfred Pickles, ɗan Yorkshire, ya karanta labarai da karin garinsu, masu sauraro suka yi ta aiko da wasiƙun ƙorafi. Wannan karin ne malaman Ingila suka kawo Kwalejin Katsina a shekarun 1920, inda aka ba furuci muhimmanci na musamman, kuma duk wanda ya saurari Sa Abubakar Tafawa Balewa, wanda ake yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, zai ji tasirin wannan horon.

Hadiza: Amma duk da haka mu ake yi wa dariya a kan "p" da "f".

Malam Kabiru: Wannan abu yana ci mini rai, Malama Hadiza, domin na ga yara masu ƙwazo sun daina ɗaga hannu a aji saboda shi. Ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne. Namu "f" ɗin da leɓɓa biyu ake yin sa, don haka ya faɗo tsakanin "p" da "f" na Turanci, kuma ko a cikin Hausa bai zauna wuri ɗaya ba, tunda Bakano yana cewa "fari" da "tafi", Basakkwace yana cewa "hwari" da "tahi". Kowace al'umma da inda harshenta yake ja mata. Mu mukan mayar da "th" ya koma "s" ko "z", mutanen kudu su mayar da shi "t" ko "d", Bayarabe kuma "h" yakan suɓuce masa. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a kan irin waɗannan bambance-bambancen na Turancin Najeriya. Gyaran kuwa ba shi da wuya. Ni takan sa ɗalibi ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa, ya rufe leɓɓa ruf sannan ya saki iska, idan takardar ta yi tsalle to "p" ya fito. Don "f" kuma sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya hura a hankali yana kallon madubi. A ganina wannan ya cancanci wahala saboda yana sauya ma'ana, domin "pull" daban "full" daban, amma zancen "r" na ƙarshen kalma bai kamata a rage wa yaro maki a kansa ba, matuƙar ya tsaya a kan tsari ɗaya.

Hadiza: Malam, ana yi mini alama lokaci ya ƙure, ga shi mun yi alkawarin faɗa wa masu shirin jarrabawa wanne ya kamata su bi.

Malam Kabiru: Manyan jarrabawoyin nan suna karɓar kowanne, abin da ake dubawa shi ne a fahimci mutum ba tare da wahala ba. Su dai yawaita sauraron kare-karen harshe daban-daban, domin a sashen sauraro ba bakin Landan kaɗai za su ji ba.

Nura: Ga kuma tambayar 'yan'uwanmu na Kumasi a kan me ya sa a kalmar "work" mutumin Gana yake cewa "wek" mu muna cewa "wok", da ta sunan harafin "z", wato "zed" da "zi".

Hadiza: Sai mako mai zuwa, Nura, in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku, mun gode, a huta lafiya.