Sharhi: Ali Daei, tsakanin ragar abokan hamayya da fushin hukuma

Masu sauraro, har zuwa watan Satumbar 2021, lokacin da Cristiano Ronaldo ya zura ƙwallaye biyu a ragar Ireland, babu namijin da ya fi Ali Daei ci wa ƙasarsa ƙwallaye, shi ne tsohon ɗan wasan gaba na Iran, haifaffen birnin Ardabil da ke arewa maso yammacin ƙasar. An haife shi a 1969, ya yi karatun injiniya a Jami'ar Sharif ta Tehran, amma ƙwallo ce ta fitar da sunansa, musamman ranar da ya jefa guda huɗu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin Asiya ta 1996, aka tashi 6 da 2. Daga nan ƙofar Jamus ta buɗe masa: ya taka leda a Arminia Bielefeld, ya ɗaga kofin Bundesliga da Bayern Munich a 1999, sannan ya koma Hertha Berlin.

Sai dai Iraniyawa ba su taɓa haɗa baki a kansa ba. A gasar cin kofin duniya ta 2006 yana da shekara 37, ƙafa ta yi nauyi, kuma da aka kori Iran tun zagayen farko, a kansa aka sauke mafi yawan laifin, ana cewa ya ƙi ba matasa wuri. Masu raina tarihinsa kuwa cewa suke yi a ragar ƙananan ƙasashe irin su Maldives da Laos ya tara ƙwallayen, alhali sauran 'yan wasan Asiya ma sun kara da waɗannan ƙasashe, babu wanda ya kamo ƙafarsa.

Da ya koma horarwa ya fara da ƙafar dama, domin ya ci gasar lig da ƙungiyar Saipa a 2007 yana koci kuma yana buga wasa. A watan Maris na 2008 aka damƙa masa tawagar ƙasa, shekara guda bayan haka aka sallame shi, saboda Saudiyya ta doke Iran da ci 2 da 1 a filin Azadi da ke Tehran, a gaban shugaban ƙasa na lokacin, Mahmud Ahmadinejad. A ganina an yi gaggawar ba shi aikin, an kuma yi gaggawar karɓewa. Ya ci kofin Hazfi, wato kofin ƙalubale na Iran, sau biyu da ƙungiyar Persepolis, ya sake ci da Naft Tehran a 2017, amma zamansa a ƙungiyoyi ya sha ƙarewa da cacar baki da shugabanni, domin mutum ne da ba ya tauna magana a gaban 'yan jarida. A ƙasar da manyan ƙungiyoyi ke hannun gwamnati ko kamfanoninta, faɗa da shugaban ƙungiya faɗa ne da hukuma.

Wannan taurin kai da ake zarginsa da shi ne ya bayyana a 2022, bayan rasuwar wata matashiya mai suna Mahsa Amini a hannun 'yan sandan kula da ɗa'a, abin da ya jawo zanga-zanga a faɗin ƙasar. Daei ya fito fili ya nemi hukumomi su warware matsalolin jama'a maimakon murƙushe su, aka ƙwace fasfonsa na ɗan lokaci, shi kuma ya ƙi amsa gayyatar zuwa gasar cin kofin duniya a Qatar. A watan Disamba aka garƙame shagonsa na kayan ado da gidan cin abincinsa a Tehran, sannan aka karkatar da jirgin da ya nufi Dubai ɗauke da matarsa da 'yarsa, aka sauke su a tsibirin Kish. Daei bai bar ƙasar ya nemi mafaka ba, kuma tun da Saipa ta sallame shi a 2019 bai sake horar da wata ƙungiya ba.