Gudun da ba ya sa haki: inda iyaye masu atisaye ke kuskure

[Hoto: titin Kanda da duku-duku, masu gudu na wucewa ƙarƙashin fitilu]

Tun da aka fara ɗora hotunan agogon gudu a WhatsApp, tambaya ɗaya ce ke ta shigo mana daga unguwannin Accra, irin su Nima, Mamobi har Madina: "Minti 40 kacal nake da shi kafin in kai yara makaranta in tari trotro (motar haya). Ba gara in ƙure gudu ba, tunda lokacin kaɗan ne?"

A'a, 'yan'uwa.  Wannan tambayar ce za mu zauna a kanta.

[Hoto: mutum biyu na sassarfa kafaɗa da kafaɗa]

Ku dubi bakin waɗannan biyun. Hira suke yi. To shi ne ma'aunin. In kana iya gaisawa da abokin gudunka, ka tambaye shi iyali, ya tambaye ka kasuwa, ka amsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, kana kan daidai. In kuwa "lafiya lau" ma sai ka raba ta biyu, ka yi sauri da yawa. Rage. In ta kama ka koma tafiya, koma.

Na san abin da ke ran wasu: "Wannan ai wasa ne." Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen gwanayen tseren dogon zango, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi. Eliud Kipchoge, wanda ya cinye kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, shi ma a sansaninsa na Kaptagat a Kenya yana da ranakun gudu mai sauƙi. Mutumin da gudu ne sana'arsa ke nan.

[Zane: zuciya da ƙananan hanyoyin jini]

Dalili? Sassarfa ce ke ƙara wa tsoka ƙananan hanyoyin jini, ta koya wa jiki ƙona kitse, zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Sannan zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiyoyin ƙafa saurin sabawa. Sai ka ji ƙirji na cewa a ƙara, alhali agara da gwiwa ba su shirya ba. Ciwo daga nan yake farawa. Abin kamar zubin susu ne, wato adashi: kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ke tara kuɗi, wanda ya zuba jarinsa duka rana ɗaya, gobe ba shi da na zubi.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Jiki a lokacin barci yake gyara abin da gudu ya taɓa, babba kuwa yana buƙatar aƙalla awa 7. Uban da ya kwana jijjiga jariri, ko uwar da ta tashi shayarwa tsakar dare, ta wuni tsaye a kasuwar Nima, ina suka ga wannan barcin? Kipchoge in ya gama atisaye hutawa yake yi. Kai wanka za ka yi wa yara, ka sayo koko da ƙosai, ka shiga cunkoson motoci na Circle a tsakiyar Accra. Ka ɗora gudun ƙure-ƙarfi kullum a kan wannan, zuwa yamma yaro ya kawo maka aikin gida ka daka masa tsawa. Wallahi ba don haka muka fara gudu ba.

[Hoto: gumi na ɗiga daga haɓa, rana na ɓullowa]

A zafin Accra da laimarta bugun zuciya na ƙaruwa, don haka kar ka gwada saurinka da na wanda ke gudu cikin sanyin Turai. Fita bayan sallar asuba, kafin rana ta fito wajen ƙarfe 6.

[Hoto: hawan tudu daga Ayi Mensah zuwa Peduase, a wajen Accra, ranar Asabar]

Tsarin mako a gurguje: kwana 2 ko 3 na sassarfa, rana 1 ta gudu mai ƙarfi, doguwar fita ranar Asabar. Wannan ma ya isa minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu a mako. Amma Asabar ɗin a yi shawara da uwargida ko maigida tun daren Alhamis, a san wa zai kai yara makarantar allo, kowa kuma a ware masa nasa lokacin. Mai jego kuwa ta jira likita ya duba ta kafin ta koma gudu.

Daren da yaro ya kwana da zazzaɓi, washegari soke gudu mai ƙarfin. Kar ka rama shi jibi, kar ka haɗa biyu a rana ɗaya. Ka ci gaba da jadawalin daga inda yake.